Ku Duba Abin da Ya Riƙe Fankarku Tun Kafin Zafi Ya Shigo

Jama'a, ku ɗaga kai ku dubi sama. Fankar nan da ke juyawa a kan 'ya'yanku, me ya riƙe ta? Kun gani da idonku? Ko dai an ce muku an ɗaura, kuka ce madalla?

Da tsoro a raina nake wannan magana. Bara, cikin watan Afrilu, fanka ta faɗo a sabon gidan ƙanwata. Ko shekara ba su yi da tarewa ba. Ta ɗauke jaririnta daga kan katifa za ta yi masa wanka, ba ta kai ƙofar banɗaki ba ta ji rugum! Da na je, na tarar da fankar kwance daidai inda kan yaron yake, fiffike ɗaya ya lanƙwashe, garin POP ya yi fari fat a kan zanin gado, waya na reto daga rami. Na hau tsani da tocila na leƙa. Ɗan siririn katako ne tu-bai-tu, da ƙusoshi biyu da aka tanƙwara aka rataya ta. Shi ke nan. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Allah ne ya kiyaye.

Fankar sama takan kai kilo biyar, wata ta fi haka. Kuma ba a zaune take kamar ƙwan fitila ba. Juyi take, tana girgiza, tana jan abin da ya riƙe ta. Daga Maris zuwa Mayu, in dai akwai wuta, wa ke kashe ta? Katakon da aka sa ɗanye yana bushewa ya tsuke, ramin ƙusa ya yi faɗi, ƙusar ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. Gara na ci ta ciki. Kwano na yoyo da damina, katako na ruɓewa. Duk wannan a bayan silin yake faruwa, inda ido ba ya kaiwa.

Ku ji da kyau: silin POP da na PVC ado ne. Ba sa ɗaukar kaya. In rufinku dekin ne, ƙugiyar rodi ake ɗaurewa a jikin rodin dekin tun kafin a zuba kankare. In an manta, a huda kankaren a sa notin ƙarfe mai buɗewa a ciki ya kama. Kada ku yarda da 'yar robar da ake rataya hoto da ita. In rufin kwano ne, a gitta ƙarfe ko katako mai kauri tsakanin manyan katakon rufi guda biyu, a ɗaure da noti mai ratsawa ya fito ta baya. Ban da ƙusa. Ko mai aikin ya rantse muku haka ya saba yi, ban da ƙusa.

Fankarku tana layi in ta ɗau gudu? Tana ƙas-ƙas? Kofin da ya rufe saman sandarta ya sauko ya bar rata? Kun ga tsaga ta zagaye wurin kamar zobe? Kuna share farin gari a ƙarƙashinta da safe? Makunnin rage gudunta yana zafi, ko kuna jin ƙaurin roba? Sai an tura ta da sanda take tashi? In kun ga ko da ɗaya, me kuke jira? Albashi? Bayan Sallah? Ku kashe ta yanzu.

Ku kira mai wayarin da ya san aikinsa. Kafin ya taka tsani, a kashe babban makunnin gidan, a kashe janareta, a raba sola. Makunnin bango kaɗai bai isa ba, domin akwai gidajen da aka juya wayarsu, ka kashe amma wuta na nan a jikin fankar. Ku tsaya a wurin, maigida. Ku ce ya sauke kofin ku gani. Notin da ya ratsa sandar yana nan a ɗaure? Akwai ɗan siririn ƙarfen da ake zurawa a bakinsa a ware ƙafafunsa don kada ya kwance? Da yawa jefar da shi suke yi. In fankar ta zo da igiyar ƙarfe ta tsaro, a ɗaure ta a wani wuri daban mai ƙarfi. A auna kuma: daga ƙasa zuwa fiffike kada ya gaza ƙafa bakwai. Masu cilla yara sama da wasa, ku daina. Masu gado mai hawa biyu, ku janye shi daga kusa.

Akwai abin da ya fi hana ni barci. Wanda ya rataya fanka da ƙusa biyu, me ya yi a harsashin ginin? Rodi nawa ya sa a ginshiƙi? Siminti nawa? Gidajen da ake ginawa don a sayar, cikin 'yan watanni an gama, an lafta fenti, an jera tayil, an kunna fitilu masu launi. Mai saye ya shiga ya ga ƙyalli, ya biya. Ga bulo ana murza shi da yatsa yana zubewa. Ga waya mai launin jan ƙarfe, a kankare ta a ga fari a ciki. Kankare kwana 28 yake so kafin ya yi cikakken ƙarfi, ana ba shi ruwa a kwanakin farko, amma sai a cire katakon tallafi da wuri don a kai wani aikin. Araha ba ta ado, a gini kuwa rai take ci.

Mun ga ƙarshen irin wannan. A Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, sama da mutum 40 suka mutu. A Yulin 2024 ginin makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos, aka rasa rai 22. Sai mun sake jin irinsa a unguwarmu za mu farka?

Ku da kuke gini yanzu, kada ku bari a rufe silin sai kun hau kun gani. Ku ɗau hoton kowace ƙugiya da wayar hannunku. In bene ne, ku nemo injiniya mai rajista da hukumar COREN, ku biya shi haƙƙinsa. Ku da za ku saya ko ku kama haya, ku je da naku mai wayarin, a buɗe kofin kowace fanka kafin ku miƙa kuɗi. Limamai, 'yan kwamitin masallaci, malaman Islamiyya, fankoki nawa ke juyawa a kan jama'arku? Yaushe rabon da a duba su?

Uwargida, ku ma kada ku jira sai maigida ya samu lokaci. Fankar da ba ku san abin da ya riƙe ta ba, ku kashe ta. A daren yau ku janye katifar yara daga ƙarƙashinta, ku shimfiɗa musu a gefe ko a tsakar gida, gobe da sassafe a kira mai dubawa.