Tsohon Layin Dogo: Daga Hanyar Jirgi Zuwa Hanyar Ƙafa

Layin dogon da jirgi ya daina bi fili ne siriri mai tsawon gaske. Faɗinsa sau da yawa bai wuce mita 20 ko 30 ba, amma yana iya miƙewa ɗaruruwan kilomita bai yanke ba, ya ratsa gonaki da dazuzzuka da tsakiyar garuruwa. Jirgin ƙasa ba ya son hawa. Shi ya sa maginan dogo suke fasa tudu, su cike kwari, su ɗora gada a kan rafi, har ya zama da wuya hanyar ta tashi fiye da mita 2 cikin kowace mita 100. Wannan shimfiɗar ita ce dukiyar da ke saura bayan an kwashe ƙarafa. Hanyar da ta yi wa jirgi sauƙi za ta yi wa tsoho mai sanda sauƙi, haka mai keke, da mai keken guragu, da jaki mai jan amalanke.

A Amurka aka fi yin nisa wajen cin moriyar irin wannan fili. A 1916 layukan dogon ƙasar sun haura kilomita 400,000. Da motoci da manyan tituna suka ƙwace fasinja da kaya, sai kamfanoni suka riƙa rufe layukan da ba sa kawo riba. A 1967 jihar Wisconsin ta buɗe tsohon layin da ke tsakanin Elroy da Sparta, mai kusan kilomita 52, ga masu tafiya a ƙasa da masu keke, har da ramuka uku da aka huda cikin dutse domin jirgi.

Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne wata doka ta 1983. Kafin ta, da zarar an rufe layi, filin yakan wargaje, kowane maƙwabci ya karɓi yankin da ya shafi gonarsa. Dokar ta ba da damar a ajiye filin ɗungurungum a hannun hukuma ko ƙungiya, jama'a su ci gaba da binsa da ƙafa, bisa sharaɗin cewa ranar da aka buƙaci jirgi za a iya mayar da ƙarafa. A 1986 aka kafa ƙungiyar Rails-to-Trails Conservancy, kuma a yau irin waɗannan hanyoyi a Amurka sun haura kilomita 40,000. A Ingila ƴan sa-kai ne suka gyara tsohon layin Bristol zuwa Bath tsakanin 1979 da 1986. Sifen ta fara nata shirin a 1993, shekarar da birnin Paris ya mayar da wata doguwar gadar jirgi lambun yawo a saman gidaje.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Farko a tabbatar da mai filin, domin nan ne yawancin rigima take. Sai a cire ƙarafa da katakan da suke kwance a kai, waɗanda galibi an jiƙa su da maganin gara mai guba, bai kamata su ƙare a murhun kowa ba. Tsakuwar dogo manya ce, tana cin ƙafa da tayar keke, don haka ake kwashe ta ko a danne ta, a zuba burji mai faɗin kamar mita 3. Gadoji su ne masu cin kuɗi: a duba ƙarfinsu, a yi musu daɓe da makari a gefe. Bayan an yanke kyalle kuma sai shara, da gyaran magudanai, da hana masu gini shiga, kuma a nan ne ayyuka da dama suke mutuwa.

A ƙasar Hausa, layin da ya fi dacewa da wannan bayani shi ne ƙaramin dogon Bauci, wanda ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru. Kuza aka gina shi ya ɗauka. Kafinsa, ƴan dako da jakuna ne suke sauko da kuzar daga tsaunukan Jos zuwa Loko a bakin Binuwai. Layin ya kai Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa kusan kilomita 230, tazarar ƙarafansa santimita 76 kacal. A 1927 babban layin Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta samu gajeriyar hanya zuwa teku, ƙaramin jirgin ya rasa abin ɗauka. A 1957 aka rufe shi. Wasu daga cikin kawunan jirgin suna ajiye a gidan tarihi na Jos, amma ba a keɓe filin layin a matsayin hanyar jama'a ba. Da an yi, da yau akwai hanyar ƙafa da keke daga Zazzau ta Soba da Dutsen Wai da Jengre har kan tsauni. A lokacin babu wanda ya yi wannan tunani, ko a Turai ma bai yaɗu ba.

Akwai kuma rassa biyu da suka nufo iyakar Nijar: na Zariya zuwa Ƙauran Namoda, 1929, da na Kano zuwa Nguru, 1930. Jirgi a kansu ya sha tsayawa na tsawon shekaru, amma har yanzu mallakin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, ba a ce an yi watsi da su ba. Damagaram, wato yankin Zinder a Nijar, ta san waɗannan layuka ko da ba su taka ƙasarta ba, domin gyaɗar Magarya da Matamaye ta daɗe tana bin hanyar Kano, inda dogo ya iso tun 1911, kafin Faransawa su ɓullo da shirin Hirondelle a shekarun 1950 don karkatar da wani kaso na amfanin Nijar zuwa tashar Parakou a Dahomey, wato Benin ta yau.

Zinder kanta ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, duk da ta riƙe matsayin babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926. Dogon da ƙasar ta mallaka shi ne na Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga 2014, Shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe shi a watan Janairun 2016. Shari'a ta shiga tsakanin masu neman kwangilar a Benin, layin bai haɗu da Parakou ba, bai kuma fara jigilar kasuwanci ba. A ɗaya gefen, a watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ƙasar da ba ta gama samun jirgi ba ba za ta yi gaggawar tuge ƙarafa ba, kuma tana da gaskiya. Abin da ya shafe ta a dokar Amurka ta 1983 shi ne ajiye filin, kada ya tsinke.

In da za a yi irin wannan hanya a Damagaram, fasalinta zai bambanta da na Wisconsin. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, hanyar da ba inuwa kuwa ba mai bin ta bayan hantsi. Itatuwa ne kan gaba, kuma manoman Mirya da Magarya sun riga sun nuna yadda ake raya gawo da sassaben zamani ba tare da ban ruwa ba. Sai ruwan sha, a garin da ƙarancinsa tsohon labari ne. Sannan masu bin hanyar ba ƴan shan iska kaɗai ba ne: ƴan makaranta, mata masu kai kaya kasuwar Dole, masu amalanke, da makiyaya. Bahaushe ya daɗe da sanin fili siriri mai tsawo na kowa da kowa, wato burtali, ya kuma san abin da ke biyo baya idan gona ta cinye shi. Dole a raba inda dabba za ta bi da inda mutum zai bi, a kuma yanke hukunci tun farko a kan ƴan kabu-kabu, domin babur in ya samu shimfiɗaɗɗen burji ba ya barin mai ƙafa ya sake.

Buƙatar kuwa tana nan. Unguwar Kara-Kara, wadda aka kafa don keɓe masu cutar kuturta, cike take da matasa masu ɗaga ƙarfe a fadojinsu, wato wuraren zamansu, da kayan da suka haɗa da hannunsu, kamar yadda fim ɗin Aïcha Macky, ƴar asalin garin, ya nuna a 2021. Sha'awar motsa jiki ba ta yi musu kaɗan ba, wurin yi ne ya yi kaɗan. Zinder ba ta da tsohon dogo, amma tana da burtaloli da tsofaffin hanyoyin fatake da gefen magudanai, kuma gari yana faɗaɗa a kansu kowace shekara. Hukumar birni da masarauta su auna waɗannan filaye su kafa musu alama tun ba a yanka su fuloti ba.