3.4 MATSAYIN MABIYIYA BAYAN HAIHUWA: BINNEWA, ADANAWA DA CI

A sashen da ya gabata an yi bayanin naƙuda da aikin ungozoma har zuwa faɗowar jariri. To amma a wurin Bahaushe haihuwa ba ta cika ba sai abin da ke biye da jaririn ya fito. Shi ya sa tsofaffin da ke ɗakin ba su sakin jiki don kawai sun ji kukan jinjiri. A wannan sashe za a dubi mabiyiya da yadda ake yi da ita, sannan a kwatanta da al'adun wasu al'ummu, musamman da yake a yau an sami masu cin ta da sunan magani.

3.4.1 Ma'anar Mabiyiya

Kalmar mabiyiya ta samo asali ne daga aikatau "bi", wato abin da ke bin jariri a baya. Wasu kan kira ta uwar tafiya, wasu kuma mahaifa. Wannan suna na ƙarshe yana da harshen damo, domin yana iya nufin inda ɗa ke kwanciya a cikin uwa, ko mabiyiyar kanta, ko kuma garin da aka haifi mutum.

Ita mabiyiya wani nama ne mai faɗi kamar faifai, wanda ke manne a jikin mahaifa. Nauyinta ya kai kimanin rabin kilo, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin jariri. Ta cikinta ne abinci da iska ke ratsawa daga jinin uwa zuwa na ɗa ta igiyar cibiya, ba tare da jinin biyu sun gauraya ba. Galibi takan faɗo cikin minti 30 bayan haihuwa. Idan ta jinkirta, ungozoma takan sa mai haihuwa ta busa kwalba, ko a turara barkono don ta yi atishawa, ko a sa mata wani abu a maƙogwaro don ta yi yunƙurin amai. Waɗannan dabaru ba su da tabbas, kuma lokacin da ake ɓatawa a kansu yana da tsada. Mabiyiyar da ta maƙale, ko wadda ta fito ta bar guntu a ciki, takan hana mahaifa tsukewa, sai jini ya ɓalle. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe masu jego.

3.4.2 Binnewa da Adanawa

Bisa al'ada, bayan an yanke cibiya, ungozoma ce ke ɗaukar mabiyiya ta wanke ta sarai, a haƙa rami a bayan ɗaki ko wani lungu na gida a binne ta. Ba a yin wannan aiki a bainar jama'a, ba a kuma yin sakaci da zurfin ramin, don kada kare ya tono. Akwai masu camfin cewa idan aka binne ta a kife matar ba za ta sake haihuwa ba, don haka ba kowa ake bari ya taɓa ta ba. A gidan da kishi ya yi zafi, dangin mai jego sukan sa ido ƙwarai a kan wannan.

Idan aka lura, dalilan binnewar sun cuɗanya da juna. Akwai na addini, domin Musulunci ya karrama ɗan Adam, malamai kuma suna son a binne abin da ya rabu da jikinsa maimakon a yar a juji. Akwai na tsoro, domin Bahaushe ya yarda cewa duk abin da ya fito daga jikin mutum, kamar gashi da farce, ana iya yi masa sammu da shi. Akwai kuma dalili na uku wanda ya fi fitowa a harshe: idan aka ce "can aka binne cibiyarsa", ana nufin can ne asalinsa, kuma komai nisan da ya yi yana da abin da ya ɗaure shi da wannan ƙasa.

Wannan tunani bai tsaya ga Hausawa ba. A harshen Mawori na ƙasar Niyu Zilan, kalma guda ce, wato whenua, take nufin ƙasa take kuma nufin mabiyiya, kuma sukan binne ta a filin kakanni. Wannan ya yi kama sosai da yadda kalmar mahaifa ta haɗa gari da mabiyiya, duk da cewa babu wata dangantaka tsakanin harsunan biyu. A tsibirin Bali na Indunusiya ana ɗaukar ta a matsayin 'yar'uwar jariri. Uba ne ke wanke ta, a sa a ƙoƙon kwakwa, a binne kusa da ƙofa, dama ga namiji, hagu ga mace. Su kuwa Baganda na Yuganda, kamar yadda John Roscoe ya bayyana a littafinsa na 1911, sukan binne mabiyiya a gindin ayaba, amma su adana cibiyar sarki a ƙawata ta a matsayin tagwayensa, har da basarake na musamman mai kula da ita.

3.4.3 Cin Mabiyiya

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya san akuya da saniya sukan cinye mabiyiyarsu bayan sun haihu. Haka mafi yawan dabbobi masu shayarwa suke yi, ko da yake raƙumi ba ya cikinsu. Da wannan ne masu cin mabiyiya a Amurka da Turai suke kafa hujja, suna cewa ɗabi'a ce ta asali wadda ɗan Adam ya manta. Sai dai bincike bai goyi bayansu ba. A shekarar 2010 Sharon Young da Daniel Benyshek na Jami'ar Nebada da ke Las Begas sun bi bayanan al'ummu 179, ba su sami inda ya tabbata cewa uwa na cin mabiyiyarta a matsayin gadajjiyar al'ada ba. Abin da suka fi samu shi ne binnewa.

Inda ake yawan kawowa misali shi ne ƙasar Sin. Gaskiya ne busasshiyar mabiyiya tana cikin magungunan da Li Shizhen ya lissafa a babban littafinsa na magunguna wanda aka buga a 1596. Amma a can magani ce da ake ba marasa lafiya masu rama ko rashin haihuwa, ba abincin mai jego ba. Bugu da ƙari, a 2005 ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta hana saye da sayar da ita, sannan aka cire ta daga kundin magunguna na hukuma a bugun 2015.

Ke nan cin mabiyiya irin na yau sabon abu ne. Ya ɓullo a Amurka cikin shekarun 1970 a tsakanin masu son haihuwa a gida, daga baya ya zama sana'a: a turara ta, a busar, a niƙe, a ɗura garin cikin kwanson magani, mai jego ta riƙa haɗiya. Masu yi suna cewa tana ƙara jini da ruwan nono, tana kuma hana baƙin cikin da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Da aka gwada a kan mata 27 a jami'ar da aka ambata, aka ba wasu na gaske wasu kuma na bogi, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba. A wannan shekarar ce kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri da aka haifa a jihar Oregon a 2016. Ya kamu da ƙwayar cutar sitireftokokas rukunin B, aka yi masa magani ya warke, bayan kwana 5 da gama maganin ciwon ya dawo. Da aka bincika sai aka sami irin wannan ƙwayar cuta a cikin garin mabiyiyar da uwarsa ke haɗiya. Hukumar ta ba da shawarar a guji wannan abu.

A wurin Bahaushe kuwa maganar ba ta ma kai ga gwaji ba. Naman mutum da jini duk haramun ne a addininsa, a al'adarsa kuma cin naman mutum aikin maye ne. Wani abin lura shi ne, buƙatar da ake neman biya da mabiyiya Bahaushe ma ya san da ita, sai dai ya nemi biyan ta da kunun kanwa da naman kauri da wankan jego. Waɗannan ma ba su tsira daga suka ba, domin likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da zafin wanka da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

3.4.4 Mabiyiya a Asibiti da Birni

Haihuwar asibiti ba ta kashe wannan al'ada ba. A asibitoci da dama a ƙasar Hausa, bayan ma'aikaciya ta duba mabiyiya ta tabbatar ta fito cikakkiya, sai a ƙunshe ta a leda a miƙa wa miji ko uwar mai jego su tafi da ita gida. Wannan dubawa ita ce abin da haihuwar gida ta fi rasawa, domin ungozomar da ba ta sami horo ba ta fi damuwa da yadda za a kwantar da ita a rami fiye da ko wani yanki ya saura a ciki. Tun da dai ita ce ke wanke ta da hannunta, koya mata duba ɓangarorinta ba zai ci karo da al'ada ba.

Matsalar da ta taso a birane irin su Kano da Kaduna ita ce ta wurin binnewa. Mai haya a gidan da aka shafe tsakar gidansa da siminti ba shi da bayan ɗaki. Wasu kan kai ta gidan iyayensu a cikin gari, wasu su nemi kango ko gefen maƙabarta, wasu kuma su haƙa a jikin katanga da dare. A irin wannan hali aikin da yake na ungozoma ya koma hannun maigida, yaron kuma yakan girma a gidan da ba a nan aka binne cibiyarsa ba.