Jirgin Haramain: Gudun Kilomita 300 a Tsakiyar Hamada

Tsakanin Makka da Madina akwai tazarar kusan kilomita 450. Alhazanmu sun san wannan hanya sarai: awa biyar ko shida a cikin bas, wani lokaci fiye, ga zafi, ga gajiya, ga tsofaffi da ƙafafu a kumbure. Jirgin ƙasa na Haramain, da ya fara aiki a watan Oktoba na 2018, ya mayar da tafiyar ta koma awa biyu da 'yan mintuna. Yana tsayawa a Jidda, da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, da birnin kasuwanci na Sarki Abdullahi kusa da Rabig.

Mutane sun fi kallon jirgin kansa, da dogon hancinsa mai kama da bakin agwagwa, wanda kamfanin Talgo na Sifen ya ƙera don ya tsaga iska. Amma gudun yana ƙarƙashinsa ne, a jikin dogo.

Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa yana cinye mita 83 a daƙiƙa guda. A irin wannan gudu kwanar da jirgin kaya zai sha lafiya lau tana iya zama bala'i, don haka dole a miƙe hanya, a buɗe kowace kwana ta yi faɗi sosai. Babu mahaɗar titi da dogo ko ɗaya. Mota ta bi gada ko ƙarƙashin ƙasa, raƙumi kuma shinge ya tare shi. Direba ba zai iya karanta alamar gefen hanya ba kafin ta wuce, saboda haka saƙon yana shigowa ne kai tsaye a allon da ke gabansa, idan kuma ya zarce gudun da aka yarje masa, na'ura ta taka birki da kanta. Tsayawar ma sai an yi kilomitoci. Wuta kuwa daga wayoyin sama take zuwa, babu dizal.

Sai hamada ta kawo nata sharuɗɗan. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, kuma dogon wannan zamani walda ake yi masa ya zama ɗaya, babu gaɓoɓin nan masu ƙwas-ƙwas da muka sani a tsohon layin Kano zuwa Legas. Tunda babu gurbin da zai miƙe, sai an ɗaure shi tamau da wani awo na musamman, in ba haka ba rana ta lanƙwasa shi. Yashi ya fi zafi wahalar sha'ani. Yana shiga tsakuwar da ke riƙe da dogo ya cike ramukanta, yana goge ƙafafun jirgi, yana toshe matatun iska. A wuraren da iska ta fi kwaso shi an shimfiɗa kankare a madadin tsakuwa, an gina katangu, kuma ma'aikata na bin layin suna sharewa suna aunawa ba fashi.

Wannan aiki na kullum shi ne abin da nake so shugabanninmu su duba kafin su yi mana alkawarin jirgi mai gudun tsiya. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya taimaki jama'a ƙwarai, amma ba a wannan sahu yake ba, gudunsa bai kai rabin na Haramain ba. Maroko ita ce ta fara kawo irin jirgin Haramain Afirka, da jirgin Al Boraq tsakanin Tanja da Kasabalanka, a Nuwamban 2018. Ita ma sai da ta shimfiɗa sabon layi na musamman daga Tanja zuwa Kenitra, ta tanadi wutar da ba ta ɗaukewa, ta gina wurin gyara a Tanja, ta horar da injiniyoyinta kafin fasinja na farko ya hau.