Kafin a yi wa kwamfuta fomat: me ke tsinke wifi a Gidigir?

Malamin makarantar da ke aika sakamakon jarrabawa zuwa Gure, da ma'aikacin lafiya mai cike rahoton wata, da ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ya zo hutu gida Gidigir, duk sun san wannan ɓacin ran. Kana tsakiyar aika takarda a kwamfutar tafi-da-gidanka sai wifi ya yanke, ya dawo, ba a jima ba ya sake yankewa. Magana biyu ke yawo a kan haka. Wasu sun haƙiƙance kamfanonin waya ne ke tsinke layi da gangan don mega ta ƙone a banza, kuma zancen ya ƙara ƙarfi tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ta fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, mutane suka samu abin gwadawa. Wasu kuma sun ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, maganinta ɗaya ne tak, a yi mata fomat.

Kamfanonin ba su rasa laifi ba. A 2023 hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ta ci tarar su huɗun, Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecoms, kuɗin da ya haura biliyan 4 na sefa saboda rashin ingancin aiki. Wanda ya ce rizo, wato layin waya, ba ya da kyau a ƙauyukan Gure bai yi ƙarya ba. Amma maganar fomat ita ce ke ci mini rai, domin ita ce ke jawo asarar da ba ta dawowa. An goge sunayen ɗalibai, an goge hotunan biki da lissafin shago na shekaru, an ɗora wani Windows da ba a san asalinsa ba, an biya kuɗin aiki, a koma gida wifi ya ci gaba da yankewa. Wani lokaci ma abin ya fi da muni, saboda manhajar da ke tuƙa katin wifi, wadda aka yi domin wannan samfurin kwamfutar, ta tafi tare da gogewar, an maye gurbinta da ta gama-gari. Da wuya ƙwarai ƙwayar cuta ta zama dalilin yankewar wifi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wifi daban, intanet daban. Buhun kanwar da aka haƙo a kwari ba ya isa Kano da tafiya ɗaya. Amalanke ke fito da shi zuwa bakin kwalta, daga nan babbar mota ta ɗauka. Wifi shi ne amalanken: gajeriyar tafiya ce ta ƴan mitoci tsakanin kwamfuta da wayar da ke raba mata intanet, ko ƙaramin akwatin wifi. Babbar motar ita ce doguwar tafiya daga wayar zuwa ƙarfen rizo, daga can zuwa Damagaram da Yamai, har zuwa igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku. Sandunan nan da ke ƙasan allon kwamfuta, waɗanda mutane ke kallo su ce "ai rizo cike yake", labarin amalanken kawai suke bayarwa. Ana iya samun jaki ƙosasshe da taya mai iska, kaya sun iso bakin hanya, amma mota ba ta zo ba. Ana kuma iya samun mota tsaye tana jira, amalanke ya kafe cikin rairayi. A idon mai kaya duka biyun abu ɗaya ne, kaya ba su isa ba, amma gyaransu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya sayar da jakinsa saboda mota ta makara ya yi asara biyu.

Rarrabe su ba ya cin ko dala. A haɗa wata waya a kan wifin da kwamfutar ke kai, a ajiye su kusa da juna, a jira yankewar. In sun yanke tare, kwamfutar ba ta da laifi, a ƙyale ta. In wayar ta ci gaba da aiki ita kuwa kwamfutar ta faɗi, to matsalar tana jikinta ko tsakaninta da abin da ke ba ta wifi. A kuma dubi yadda ta faɗi: sunan wifin ne ya ɓace gaba ɗaya, ko yana nan a haɗe amma shafi ba ya buɗewa? Na farko gajeriyar tafiya ce ta lalace, na biyu doguwar.

Doguwar tafiyar ba ta hannunmu, don haka ba sai an daɗe a kanta ba. Ƙarfen rizo raba ƙarfinsa yake tsakanin duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa ranar kasuwa, da garin ya cika da fatake da masu dabbobi, abin da ake aikawa cikin sauƙi da asuba yake gagara da azahar. In ka ga 4G a saman waya ta koma 3G ko harafin E, ka ga dalili da idonka. Ƙarfen kuma da wuta yake aiki. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Akwai ma abin da ya fi wannan nisa: ranar 14 ga Maris na 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya durƙushe a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Shi ma faifan Starlink yana da nasa sharaɗin. Taurarinsa na shawagi a tsayin ɗaruruwan kilomita, suna wucewa da sauri, faifan yana sakin wani yana kama wani. In reshen gawo ko na dabino ya tare wani gefe na sararin sama, duk sanda tauraro ya bi ta bayan reshen za a ga yankewa ta ƴan daƙiƙu. Manhajarsa ta waya tana nuna inda aka tare.

Gajeriyar tafiyar ita ce tamu, kuma a nan yawancin abin da ake iya gyarawa yake. Farko zafi. A Afrilu da Mayu, zafin da ya wuce digiri 40 a inuwa ba labari ba ne a ƙasar Gure, alhali kamfani irin Apple ya rubuta cewa wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Wayar da ke raba intanet aiki biyu take yi a lokaci guda, tana magana da ƙarfen rizo tana magana da kwamfuta, sau da yawa kuma tana kan caji, cikin rigarta ta roba, a kan tabarma ko katifa. In ta ɗau zafi sai ta rage ƙarfi don ta tsare batirinta, wata ma ta kashe rabon gaba ɗaya. Taɓa bayanta lokacin da abin ya yanke. In hannu ya ji zafi sosai, a cire rigar, a raba ta da caji, a jingine ta inda iska ke bi. Wayoyi da yawa kuma suna da saitin da ke kashe rabon in an ɗan jima ba a haɗe ba, da wani na tattalin batir mai yin haka. Duka biyun ana iya kashe su.

Sai wurin ajiya. Saboda rizo ya fi kamawa a waje, mutum zai ɗora wayar a kan katanga ko ya rataye ta a jikin bishiya a tsakar gida, shi kuma ya koma ɗaki da kwamfuta ya rufe ƙofar ƙarfe. Ya gyara doguwar tafiyar, ya ɓata gajeriyar. Wifi igiyar rediyo ce marar ƙarfi, a kan gigahaz 2.4 ko 5. Katangar laka mai kauri tana shanye ta, kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da ita baya, ruwa ma yana cin ta, ko na tanki ne ko na jikin mutanen da suka cika ɗaki. Ta gigahaz 5 ta fi sauri amma ta fi saurin mutuwa a bayan bango, don haka in akwai katanga tsakani, a zaɓi ta 2.4. Masu sayen tikitin wifi a wurin maƙwabci su ma su lura da abu guda: akwatin da aka ɗaure a kan dogon ƙarfe yana da ƙarfin kaiwa nesa, kwamfutarka tana jin sa sosai har sanduna su cika, amma amsarta ba ta da ƙarfin komawa wurinsa. Magana kuwa sai da ji daga ɓangare biyu. Matsowa kusa, inda kana ganin akwatin da ido, ya fi kowane saiti.

In wuta ce ke ƙiftawa, akwatin wifi yana mutuwa ya sake tashi, yana ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ya dawo. Kwamfutar ba ta nuna alamar komai domin tana da batirinta, sai a ɗora mata laifi. Yawancin waɗannan akwatuna da bolt 12 suke aiki. Wanda ke da sola yana iya sa mai haɗa wuta ya ba akwatin layinsa daga batir, bayan ya duba abin da aka rubuta a jikin cajar.

Yanzu ga laifin da yake na kwamfutar da gaske. Windows yana da ɗabi'ar kashe katin wifi don ya rage cin batir. Kwamfutocin da ke hannunmu galibi ƴan hannu ne, batirinsu ya gaji, kullum suna cikin yanayin tattali, don haka wannan ya fi damun mu fiye da masu sababbi. Alamarsa ita ce yankewar tana zuwa bayan an cire caji ko bayan an buɗe murfin daga barci. A shiga Gestionnaire de périphériques, a nemi katin wifi a cikin jerin katunan rizo, a buɗe shafin sarrafa wuta in yana da shi, a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi. Daga nan a nemi manhajar katin daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, da lambar samfurin da ke manne a ƙarƙashinta.

In duk wannan bai yi ba, sai a buɗe ta. Mai gyaran kirki zai kwance murfin ƙasa, ya fara da fanka, wadda ƙurar hunturu ke cushewa har iska ta daina fita. Gefe guda akwai ɗan kati mai kusurwa huɗu, ɗaure da kusa ɗaya. Wayoyi biyu sirara, galibi ɗaya fara ɗaya baƙa, suna manne a kansa da ƴan maɓallan tagulla ƙanana. Waɗannan wayoyin suna bi ta cikin maƙallar murfi su hau har saman allo, can eriyar take. Kowace buɗewa da rufewa tana lanƙwasa su, kuma in an taɓa canja allo ko gyara maƙalla, sau da yawa ana barin ɗaya a tsinke ko a cire. Irin wannan kwamfutar tana aiki lafiya in wayar na gefenta, amma da an yi taku biyar sai ta rasa wifi. Mayar da maɓallin danna yatsa ɗaya ne. In katin ne ya mutu, akwai ƙaramin wifi na sokawa a ramin USB, ba sai an sayi wata kwamfuta ba.

Zancen satar mega ma yana da bayanin da ba a cika yi ba. Da kwamfuta ta hau wifin waya, tana iya ɗauka cewa intanet marar iyaka ta samu, sai ta shiga sauke sabunta Windows da na sauran manhajoji a ɓoye, abin da kan kai ɗaruruwan mega ko ya wuce giga. Layin ya cushe, shafinka ya tsaya, mega ta ƙare, haɗin ya yanke. A saitin wifin akwai maɓallin Connexion limitée. In an kunna shi, kwamfutar na rage wannan saukewa sosai. Sabuntawar kanta tana da amfani, a yi ta da niyya ranar da aka samu intanet mai yalwa.

Ina ganin hukumomi da ƙungiyoyin da ke raba kwamfutoci ga makarantu da asibitoci da ma'aikatun magajin gari suna da alhaki a nan. Ana kawo kaya, a yi biki, a ɗauki hoto, amma ba a ware kuɗin kula da su ba, ba a koya wa ko mutum ɗaya a wurin waɗannan ƴan dabaru ba. Sai ma'aikaci ya ɗauki kwamfutar aiki ya hau mota zuwa Gure ko Damagaram da kuɗin aljihunsa, saboda matsalar da kwana ɗaya na horo zai kawar. Da yawan kwamfutocin kuma suna kan Windows 10, wanda Microsoft ya daina tallafa wa tun 14 ga Oktoba na 2025, wasu ma suna kan Windows 7 da aka bari tun Janairun 2020.

Wanda aiki ya matse shi yau, yana da mafita mai sauri: ya haɗa wayar da kwamfutar da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ya kunna rabon intanet ta USB a saitin wayar. Wifi ya fita daga lissafi ke nan, kuma in yankewar ta ci gaba, ya tabbata ba katin ba ne. Wanda kuma zai kai kwamfutar wurin gyara, ya fara kwashe takardunsa a filas. Sannan ya ce wa mai gyaran, "Malam, kafin ka goge komai, buɗe mini rahoton wifi mu gani." Windows 10 da 11 suna ajiye tarihin haɗuwa da yankewa na kwana 3. Ana fito da shi ta rubuta netsh wlan show wlanreport a baƙin allon umarni, in an buɗe shi da izinin mai kula da kwamfutar, kuma a ciki za a ga lokacin kowace yankewa da dalilin da kwamfutar ta rubuta.