Wane Irin Harsashi Ne Ke Tsayar Da Dabbar Da Ta Taso Wa Mutum?

Akwai bidiyon mafarautan Alaska da Kanada a YouTube da TikTok, inda za ka ga beyar ta taso wa mutum a guje shi kuma yana ƙoƙarin saita bindiga. Mu a Karfi da Malumfashi da Funtuwa ba mu da beyar, abin da mafarautanmu suka sani shi ne kura da gadu. Amma Arewa na da dabbar da ta fi beyar girma, wato dorina. A 2024 wata dorina ta kashe mutum a Yawuri ta jihar Kebbi, aka kwashe makonni ana farautarta kafin manoma da masunta su kashe ta da māsu. Manoman bakin madatsar Dadin Kowa a Gombe su ma sun daɗe suna kuka da ita. To wace irin bindiga da harsashi ne ke iya tsayar da irin waɗannan dabbobi?

Kashewa daban, tsayarwa daban

Dabbar da aka harba a huhu ko a zuciya za ta mutu, amma tana iya ci gaba da gudu na daƙiƙoƙi masu yawa kafin ta faɗi. Dorina na yin kusan kilomita 30 a awa a tudu, wato mita 8 a daƙiƙa guda. Idan tana da tazarar mita 25 da kai, daƙiƙa uku kacal gare ka. Beyar kuwa tana kai wa kilomita 55 a awa. Saboda haka abin da ke tsayar da dabba nan take shi ne harsashin da ya kai ga ƙwaƙwalwa ko laka, ko ya karya babban ƙashin kafaɗa. Dukansu suna bayan fata mai kauri da tsoka da ƙashi, shi ya sa zurfin shigar harsashi ya fi komai muhimmanci.

Me lambobin ke nufi?

Lambar da ake kira kaliba faɗin harsashi ce. Idan ka ga .375, ana nufin kashi 375 cikin 1,000 na inci, kusan milimita 9.5. Idan ka ga 9.3x62, faɗin harsashin milimita 9.3 ne, tsawon kwanson kuma milimita 62. Ƙarfin bugu kuma ana auna shi da jul, ana samo shi daga nauyin harsashi da gudunsa. Ga kwatanci:

7.62x39, harsashin AK-47: nauyi kusan giram 8, ƙarfi kusan jul 2,000.

Dunƙulen dalma guda na bindigar katij mai lamba 12: kusan giram 28, ƙarfi kusan jul 3,000, amma daga kusa kawai.

9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙera a Berlin a 1905: giram 18.5, kusan jul 4,800.

.375 H&H Magnum na kamfanin Holland & Holland na Landan, 1912: giram 19.4, gudun mita 770 a daƙiƙa, kusan jul 5,700.

.458 Winchester Magnum na 1956: giram 32, kusan jul 6,800.

Ka ga ke nan AK-47 da mutane ke ɗauka babu kamarta, ƙarfin harsashinta bai kai rabin na .375 ba. Wannan ne dalilin da ya sa ƙasashe irin su Tanzaniya suka sanya .375 a matsayin mafi ƙarancin abin da aka yarda a tunkari giwa ko ɓauna ko dorina da shi. A tsibirin Svalbard na Norway, inda farar beyar take, mafi ƙarancin abin da hukuma ke amincewa da shi shi ne .308 ko .30-06.

Ƙirar harsashin ta fi lambar muhimmanci

Harsasai iri biyu ne. Akwai mai taushin baki, wanda ke buɗewa kamar lema idan ya shiga jiki. Yana yin babban rauni, amma idan ya haɗu da ƙashi mai kauri yana iya tarwatsewa kafin ya isa inda ake so. Akwai kuma daskararre, wanda aka yi da tagulla zalla ko aka lulluɓe dalmarsa da ƙarfe mai kauri. Shi ba ya buɗewa, miƙewa yake yi ya ratsa ƙashi. Ga dorina da giwa daskararre ake amfani da shi. Ga beyar da zaki, waɗanda fatarsu ba ta kai haka kauri ba, an fi son mai buɗewa a hankali wanda ba ya rabuwa da nauyinsa.

Wani abin lura shi ne dukan kafaɗa. Duk yadda harsashi ya ƙara nauyi da gudu, haka bindigar ke ƙara naushin mai harbi. Wanda ke tsoron bindigarsa yakan runtse ido ya kauce wa saiti. Shi ya sa ƙwararru ke cewa .375 da ka iya ta fi .458 da kake shakka.

Ina matsayin bindigar toka?

Bindigar toka ta mafarautanmu bututunta sumul yake, babu zaren da ke juya harsashi ya tafi a miƙe. Harbi ɗaya take yi, kuma kafin a sake ɗura albarushi dabba ta iso. Ƙananan ƙwayoyin dalma da ake zuba mata sun isa zabo ko zomo, amma a jikin dorina sai dai su tsaya a fata su ƙara harzuƙa ta, daga nan ta zama annoba ga duk mai zuwa bakin ruwa. Masu ƙara albarushi fiye da kima don neman ƙarfi kuwa, bututun ne ke fashewa a hannunsu.

Abin da bincike ya nuna

Masani Tom Smith da abokan aikinsa sun bi diddigin karon mutane da beyar a Alaska. A rahotonsu na 2012 kan aukuwa 269, masu doguwar bindiga sun yi nasara a kashi 76 cikin 100. A rahoton 2008 kan feshin barkono na musamman da ake yi don beyar, ya kori jar beyar a kashi 92 cikin 100, kuma kashi 98 na masu ɗauke da shi sun tsira ba rauni. Dalilin a fili yake: cikin firgici saita abu mai gudu yana da wuya, feshi kuwa bazuwa yake yi. Sai dai wannan binciken kan beyar aka yi shi, kada wani ya tunkari dorina da gwangwanin feshi.

Me doka ta ce a Najeriya?

Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Na soja haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar katij da ta farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ma sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Akwai kuma dokar 1985 da ke kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, don haka kashe irin waɗannan dabbobi ba abu ne da mutum zai yanke wa kansa ba.

Ga manomi ko masunci, dabarar da ta fi aiki ita ce kauce wa karon tun farko. Dorina da dare take fitowa kiwo, ta koma ruwa da asuba ta hanyar da ta saba bi. Kada ka shiga tsakaninta da ruwa, kada ka kusanci mai ɗa. Rami mai zurfi ko shinge mai ƙarfi a bakin gona yana hana ta shiga, domin ba ta iya tsalle. Idan ta fara ɓarna, a sanar da mai gari da jami'an gandun daji na jiha, su ke da hurumin ɗaukar mataki.