Me ya sa hoton majigi ke sauya launi a bangon aji?

A makarantunmu da yawa babu farin ƙyallen haska majigi, sai malami ya juya na'urar ga bango. Nan take sai mu ga sararin sama ya yi kore-kore, fuskar mutum ta yi ɗorawa kamar mai ciwon shawara. Lafiyar majigin ƙalau, bangon ne ke cinye wani ɓangare na hasken.

Majigi yana haɗa kowane launi ne daga haske uku: ja, kore da shuɗi. Farin ƙyalle yana dawo mana da ukun kusan daidai wa daida. Bango mai fentin ruwan ɗorawa kuwa shanye shuɗin yake yi, ya dawo da ja da kore. A darasin taswira wannan asara ce, domin launin da ke raba kogi da daji shi ne ya tafi. In kuma shafen bangon yana da kaushi, kowane ɗan tudu sai ya jefa inuwarsa a cikin hoton.

Gyara mafi sauƙi yana jikin na'urar. Majigai da yawa, irin na BenQ da Epson, suna da saitin launin bango ko na baƙin allo. Idan muka zaɓi ɗorawa, na'urar za ta rage ja da kore don shuɗin ya fito.

Amma bango mai dabbare-dabbare ya fi ƙarfin wannan saitin. A 2003, Shree Nayar da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia ta Amurka suka haɗa majigi da kyamara. Majigin ya haska launukan da aka riga aka sani, kyamara ta ɗauki abin da bango ya dawo da shi, kwamfuta kuma ta lissafa gyaran da kowane ɗigon hoto ke bukata. Abin sha'awa, hoton da take turawa kamar ɓatacce yake a fuskar kwamfuta, sai ya sauka a bango yake daidaita.

Dabarar tana da iyaka. Inda bango ya yi duhu sosai, dole a rage hasken sauran wurare don su zo ɗaya, hoton duka sai ya dusashe. Shi ya sa a ajinmu muka fi ganin amfanin farin yadi da aka ɗaure tamau, a rufe tagogi, a ajiye majigin yana fuskantar bango sak. In fenti za a yi, a guji mai sheƙi, yana kashe ido.