Matafiyi da Hoton Gine-ginen Tarihi

Abin da za mu duba a yau shi ne yadda matafiyi zai ɗauki hoton ginin tarihi, har hoton ya amfani na baya.

Da farko ya kamata mu tuna cewa yawancin gine-ginen da kakanninmu suka bari na ƙasa ne, watau tubali da azara da yaɓe. Irin wannan gini kuwa, in aka daina yi masa gyara, damina kaɗan ta isa ta zubar da shi. Ganuwar Kano, wadda aka ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen ƙarni na 12, ta zaizaye a wurare da dama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wani sashensa ya rufta a watan Agusta 1923 da ɗari, watau 2023, har aka yi hasarar rayuka. A Tambutu kuma, da aka rushe hubbarorin waliyyai a 2012, tsofaffin hotuna suna cikin abin da magina suka dogara da shi wajen sake gina su. Ashe ke nan hoto shaida ne, sau da yawa ma shi kaɗai ke saura.

To, ta yaya za a ɗauke shi? Abu na farko shi ne haske. Adon ginin Hausa, kamar dagi da sauran zanen da ke fuskar zaure, tudu da kwari ne a jikin bango, inuwa ce ke fito da shi. Da tsakar rana hasken yakan yi kaifi, bango ya yi fari fat, ƙofa ta yi baƙi ƙirin. Saboda haka hantsi da la'asar sakaliya sun fi dacewa, lokacin da haske ke zuwa a karkace. Da hunturu kuma ƙura takan dushe abin da ke nesa, sai a matso kusa.

Na biyu, wurin tsayawa. Wanda ya tsaya a gindin hasumiyar Gobarau ta Katsina ya ɗaga kyamara sama, zai ga ginin kamar yana kishingiɗa baya. Maganin wannan shi ne a ja da baya, a riƙe kyamara a miƙe. Yana da kyau kuma a sami mutum a gefe, domin mai kallo ya gane tsawo. Hasumiyar Agadas, alal misali, ta kai mita 27, amma hoton da babu mutum ba zai nuna haka ba. Kada a tsaya ga fuskar gini kawai. A ɗauki bayansa da zankwayensa da indararo, a shiga ciki a ɗauki bakan gizo da jerin azara, domin a nan gwanintar magini take.

Na uku, ladabi. Fada da masallaci da hubbare ba kufai ba ne, suna da masu su. A yi sallama, a nemi izini, kada a ɗauki masu salla ko matan gida ba da yardarsu ba.

Na ƙarshe, kuma shi aka fi sakaci da shi, shi ne rubutu. Zanen da Barth ya yi na Agadas a 1850 yana da daraja ne domin an san wuri, an san shekara. Kowane hoto a rubuta masa sunan gini da gari da ranar ɗauka. Waya takan ɓace ko ta lalace, don haka a wanke waɗanda suka fi kyau, a kai wasu ma'ajiya irin Gidan Arewa na Kaduna.

Ma'aikacin da aka tura rangadi da ɗalibin da ya tafi hutu, kowannensu yana iya wannan aiki a garin da ya sauka.